Kayen sirri da bashin dala goma

A zangon karatu da ya wuce, wata ranar Talata, ina tsakiyar darasin lissafi a ajina na CM2 sai na hangi yara uku a bencin baya sun haɗa kawuna kamar masu rabon gado. Duk wanda ya shekara biyu da alli a hannu ya san irin wannan zama. Ban ɗaga murya ba, na ci gaba da bayani ina takawa sannu a hankali har na tsaya a kansu, na miƙa hannu. Na zaci salula za a ɗora mini. Sai ga wani ɗan ƙaramin kaye, bangonsa ya yi laushi don yawan yawo daga hannu zuwa hannu.

Mai kayen yaro ne da na riga na yanke wa hukunci a zuciyata tun watan Oktoba, Allah ya yafe mini. In ya yi dikte, jan bikina ya fi shuɗinsa yawa a takardar. In na tambaye shi abin da muka karanta jiya, sai ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Na jima da sa shi cikin jerin waɗanda muke cewa ba su da kan boko.

Da na koma gida bayan la'asar na buɗe kayen, sai da na gyara zama. Kowane shafi an ja masa layi da abin ja-layi, an raba shi gida uku. Gidan farko sirrin wasan bidiyo ne, wato jerin maɓallan da za ka danna a manet wani abu ya faru. Gida na biyu sunan wanda ya faɗa masa. Gida na uku alama: ko dai ya gwada ya yi, ko ya gwada bai yi ba. A shafin farko ya rubuta: R1, R2, L1, X, hagu, ƙasa, dama, sama, hagu, ƙasa, dama, sama, a gefe ya sa “lafiya da kuɗi”. Maɓalli 12 a jere, ba kuskure ko ɗaya, daga hannun yaron da ba ya iya kwafe jimla guda daga allo ba tare da ya cinye harafi ba.

Shafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na dodo. An gaya masa cewa a cikin dajin wannan wasa akwai wani ƙaton dodo mai gashi da ke tafiya da ƙafa biyu. Ya rubuta sunayen yara uku da suka rantse sun gan shi. Ya rubuta ranaku huɗu da ya shiga dajin nema. A ƙarshe ya buga alamar ƙarya, sannan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe ya ƙara: “amma ban duba bayan dutse ba.”

Na daɗe ina kallon wannan layi, don ni ma na taɓa mallakar irin wannan kaye, sai dai nawa ba shi da gida na uku.

A 1993 ina ɗan shekara 12 a Maraɗi. Akwai wani mai gyaran rediyo a unguwarmu da ya je Kano ya dawo da wata na'ura mai kama da ƙaramin akwati, ya haɗa ta da tsohuwar tele a zauren shagonsa. Muna ce mata Nintendo, ko da yake daga baya na gane ba ta asali ba ce, kwaikwayo ce irin wadda ta cika kasuwanni a lokacin. Kaset ɗinta ruwan ɗorawa ne, an rubuta wasa 999 a jiki, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba su kai goma ba, maimaici ne kawai da sauya suna. Dokar shagon mai sauƙi ce: dala biyar, ka yi wasa har rayukanka su ƙare, ka miƙa wa na bayanka.

A nan ne iyaye da yawa ba su fahimci abin da ke jan yara ga waɗannan sirrika ba. A wurinmu rai kuɗi ne. Wasan da ake kira Contra, na sojoji biyu masu harbi, rai uku yake ba ka, kuma harsashi guda ya taɓa ka shi ke nan. Wanda bai iya ba, kafin ya gama gyara zama dala biyar ɗinsa ta tafi. Ana nan sai wani yaro da wansa ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano ya zo da magana: kafin a fara, ka danna sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Muka yi masa dariya. Ya karɓi manet ya danna. Rai 30 suka bayyana. Har yau ina tuna shirun da zauren ya yi, sannan ihun da ya biyo baya, wanda ya sa mai shagon ya fito da ƙarfen walda a hannu yana tambayar wa ya fasa tele. Kafin sati ya zagayo ya soke tsohuwar doka, ya rataye agogo a bango, wasa ya koma na minti goma-goma.

Bayan wannan muka gano wani a Super Mario: a zango na biyu na duniyar farko, wanda ake yi ƙarƙashin ƙasa, in ka haye saman rufin bulo ka bi ta kansa har ka wuce bututun fita, za ka tarar da ɗaki mai bututu uku da ke jefa ka duniya ta biyu, ko ta uku, ko ta huɗu. Shi ma gaskiya ne, kowa ya gani da idonsa. To, mutanen da suka ga abin mamaki sau biyu ya tabbata, me za ka gaya musu na uku su ƙi yarda?

Ni ne na kawo na ukun, kuma daga kaina na ƙago shi. A ƙarshen kowane zango Mario yakan yi tsalle ya kama sandar tuta ya sulalo. Sai na ce in mutum ya iya tsallake sandar gaba ɗaya bai taɓa ta ba, akwai wani birni a bayanta, gidajensa duk na zinariya, wanda ya shiga ba ya sake mutuwa. Na ce wani ɗan uwanmu a Damagaram ya nuna mini. Ba ni da ɗan uwa mai irin wannan na'ura a Damagaram ko a ko'ina. Abin da nake so kawai a yi shiru in na buɗe baki, kamar yadda aka yi wa mai wa a Kano.

Manyan yara suka gwada sau biyu sau uku suka watsar. Amma akwai wani ƙaramin yaro, ɗan maƙwabtanmu, katanga ɗaya ta raba mu, wanda ya ɗauki maganar da zuciya ɗaya. Ya same ni a keɓe ya ce, “Yaya, don Allah koya mini yadda ake tsallakewa.” Na ce sai ya biya dala goma. Ya biya. Na tsara masa wani jerin maɓallai na banza, na ce sai ya danna su daidai lokacin da ƙafar Mario ta bar matakala ta ƙarshe, in bai yi ba laifin yatsunsa ne. Sati biyu yaron nan yana kai kuɗi shagon yana tsalle yana kama tuta. Da kuɗin karin kumallonsa suka ƙare ya taɓa kuɗin niƙa. Ran da uwarsa ta gane, ina zaune a tsakar gidanmu ina jin kukansa ta kan katanga. Ban ce uffan ba, shi kuma bai ambaci sunana ba.

Daren da na ƙwace kayen ɗalibina, wannan kuka ne ya dawo mini. Sai na ɗauki salula na shiga bincike a kan abubuwan da ban taɓa tambaya ba ina yaro: wa ya sa waɗannan sirrika, kuma don me?

Amsar rai 30 ta ba ni dariya. Wani ma'aikacin kamfanin Konami ne a Japan, Kazuhisa Hashimoto. A 1986 aka ba shi aikin mayar da wani wasa mai suna Gradius daga manyan injunan gidajen wasa zuwa na'urar gida. Wasan ya yi masa wuya, ba ya iya kai wa ƙarshe don ya duba ko komai na tafiya daidai, sai ya sa wa kansa wata ƴar gajeriyar hanya da zai iya tunawa. Aka fitar da wasan kasuwa da ita a ciki. Ƴan wasa suka gano, kamfanin ya ga abin ya karɓu, ya riƙa sa ta a wasu wasanni, har da Contra. Mutumin ya rasu a watan Fabrairun 2020. Wato abin da muka ɗauka kamar laƙani a zauren mai gyaran rediyo, asalinsa dabarar ma'aikaci ce da aiki ya sha wa kai, kamar malamin da ke rubuta amsar lissafi da fensir a gefen littafinsa.

Labarin da ya fi kama ni kuwa ya girmi wannan. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Atari na Amurka ba ya sa sunan masu ƙirƙirar wasanninsa, ba a kwali ba, ba a cikin wasan ba. Mutum guda ne zai zauna watanni ya tsara komai, zane da sauti da dokokin wasa, a sayar da dubban ɗaruruwa, albashinsa kawai zai gani, ba wanda zai san da shi. Wannan na cikin abin da ya sa wasu ma'aikata huɗu suka fice a 1979 suka kafa nasu kamfanin, Activision. Wani matashi mai suna Warren Robinett shi kuma ya bi wata hanya. Yana aikin wani wasa da ake kira Adventure, inda jarumin ɗan murabba'i ne kawai, yana yawo cikin fadoji yana neman kofin sihiri, dodanni uku masu kama da agwagi suna bin sa. Sai ya gina ɗaki guda a ɓoye, bai gaya wa kowa ba, ko abokan aikinsa.

Dubi wahalar da ya ɗora wa mai nema. A cikin baƙar fada akwai wani lungu da bango ya kewaye ko'ina, ba a shiga sai an ɗauko gada an ɗora. A cikin lungun akwai ɗigo guda ɗaya tak, mafi ƙanƙantar abin da na'urar ke iya zanawa, kuma launinsa ya saje da ƙasa. Sai ka ɗauki wannan ɗigo ka kai shi can wani zaure kusa da fadar zinariya, ka tara wasu kayan a wurin, sannan bangon gabas ya bar ka ka ratsa. Abin da ke ciki ba dukiya ba ce, ba ƙarin rai ba. Rubutu ne mai walƙiya da ke cewa Warren Robinett ne ya ƙirƙiri wannan wasa. Dukan wasan, da fadojinsa da dodanninsa da ɗakin ɓoye, an cusa shi cikin wurin ajiya mai ɗaukar harafi 4096. Wannan rubutun da kuke karantawa ya ninka haka fiye da sau biyu.

Wasan ya fito a 1980, lokacin Robinett ya riga ya bar kamfanin. Wanda ya tona asirin yaro ne ɗan shekara 15 daga birnin Salt Lake City, ya rubuta wa Atari wasiƙa har da zanen hanyar da ya bi. Manyan kamfanin suka so a goge, suka ga sake buga kaset zai ci kuɗi, sai wani shugaban sashe mai suna Steve Wright ya ce a bar shi, ma a riƙa sa irinsa da gangan, tunda yara na son nema. Ya kwatanta abin da ƙwan Ista, wato ƙwai masu launi da ake ɓoye wa yara a lambu lokacin wannan biki su nemo, kuma sunan ya bi irin waɗannan sirrika har yau. Shi Robinett daga baya yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin wasannin koyarwa, ya yi wani mai suna Rocky's Boots a 1982 don koya wa yara tunani bisa ƙa'ida. Ban yi mamaki ba. Wanda ya san yadda ake ɓoye abu yaro ya ƙi barci sai ya gano shi, ai rabin aikinmu ya riga ya iya. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake bayyana abu dalla-dalla, ban tuna ranar da aka koya mana yadda ake ɓoye shi ba.

Na kuma samu ɗan sanyi, ko in ce abokan laifi, da na ga ba ni kaɗai na taɓa ƙaga birnin zinariya ba. A watan Afrilun 1992 wata mujallar wasanni ta Amurka, Electronic Gaming Monthly, ta buga cewa akwai wani ɓoyayyen gwani mai suna Sheng Long a wasan dambe na Street Fighter II. Sharaɗin ganinsa: ka doke kowa ba a taɓa ka ko sau ɗaya ba, sannan ka yi canjaras sau goma da babban abokin gaba. Wasan ɗaya ga Afrilu ne, sunan ma daga kuskuren fassara ya samo asali, sunan wani naushi ne aka ɗauka sunan mutum. Amma wasu mujallu a wasu ƙasashe suka kwafa ba su gwada ba, yara suka yi ta zuba kuɗi a inji. Manya ne masu albashi suka yi wannan, ba ɗan shekara 12 ba. Shi ma dodon dajin ɗalibina haka yake, tun fitowar wasan a 2004 ake ta neman sa, kuma babu shi, ko a gaban dutse ko a bayansa.

Kwana biyu bayan haka uban yaron ya zo lakwal, don labari ya kai masa. Ɗan kasuwa ne, mutum mai kamala, ransa a ɓace. Bayan gaisuwa ya ce, “Mushe, ba ni kayen in ƙona shi a gabansa. Ku kuma ku hora shi yadda ya kamata, na ba ku fata, ku bar mini ƙashi.”

Na ce, “Alhaji, kun san wasan da yake yi?” Ya ce bai sani ba, wasa dai. Na gaya masa gaskiya, kuma ina so duk uban da ke karanta wannan ya ji ta: sunansa GTA San Andreas, ana satar motoci a ciki, ana harbin mutane, akwai kalaman da ba za ka so ɗanka ya maimaita ba. A Turai lamba 18 ake bugawa a kwalinsa, wato ba na yara ba ne. A shagunan unguwanninmu ba mai duba wannan lamba. In ya hana shi wannan wasa ina bayansa, in ya hana shi zaman shago bayan magariba ina bayansa. Da ma kowane uba zai taka da ƙafarsa sau ɗaya ya tsaya minti biyar ya ga abin da ke kan tele, da ya fi dogon faɗa a gida amfani.

Sannan na buɗe masa shafin dodo. Na ce, “Amma kayen nan, Alhaji, ku bar shi. Ɗanku ya ji magana daga mutum uku da suka rantse, bai yarda ba sai da ya je ya duba sau huɗu, kuma da zai rubuta hukunci sai da ya faɗi inda bai duba ba. Ni da ku, saƙon murya nawa muka tura wa mutane a WhatsApp cikin watan nan ba mu yi ko rabin haka ba?” Ya yi shiru yana juya shafin. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya dai miƙo mini kayen ya ce in riƙe a wurina har ƙarshen shekara. Shago kuwa ya hana shi, kuma ban ga laifinsa ba.

Wata rana da ya rage minti ashirin a tashi, na ja layi biyu a allo na raba shi gida uku: me aka ce, wa ya faɗa, an gwada? Na ce wa mai kayen ya taso ya riƙe alli, tunda tsarinsa ne. Aji ya yi ta kawo maganganu. Wani ya ce babban dutse ya riga ƙarami faɗowa ƙasa, muka fita tsakar lakwal da duwatsu biyu, wani dogo ya hau tebur ya sake su, suka dira tare, aka sake sau uku don masu gardama. Wata yarinya ta kawo labarin lambar wayar da in ka amsa kiranta za ka mutu, ta kuma ce ita dai ba za ta gwada ba. Sai aka yi ta muhawara har suka tilasta mini ƙara gida na huɗu, na abin da ba a iya gwadawa, wanda sai dai a tambayi wanda ya faɗa shi a ina ya ji. Ba zan ce muku yaron ya zama na ɗaya a aji ba. Diktensa ya ɗan motsa kaɗan, har yanzu yana cinye haruffa. Abin da ya sauya shi ne yanzu yana ɗaga hannu, ni kuma na daina tsallake bencinsa da ido.

A wannan ranar ce na ba su labarin birnin zinariya, har da kuɗin niƙa. Na kuma gaya musu abin da na gano a binciken da na yi, wanda ya fi komai ba ni kunya: ashe ana iya tsallake sandar tutar. A zango na uku na duniya ta uku akwai katakai biyu masu lilo kamar sikeli, ka taka ɗaya ya sauka ɗayan ya hau, in ka yi tsalle daga na sama da gudu sai ka wuce ta kan tuta. Na kalli bidiyon wanda ya yi. A bayanta babu birni, babu zinariya. Hanya ce miƙaƙƙiya, Mario yana ta gudu a gefen bango iri ɗaya har lokaci ya ƙare ya mutu.

Yara suka yi dariya. Mai kayen bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce, “Mushe, kun mayar masa da dala gomarsa?”

Ban mayar ba. Mutumin yana nan da ransa, yana sayar da kayan gyaran babur, ƴaƴansa biyar, muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, shekara talatin ba wanda ya taɓa tayar da zancen. A daren na tura masa bidiyon, na bi shi da saƙon murya ina ta kame-kame, na ce ƙanena ka tuna kaza da kaza, to ƙarya na yi maka, ka yafe mini. Sai wajen sha ɗaya na dare amsa ta shigo. Da farko dariya ce kawai, doguwa, har da tari. Sannan ya ce, “Yaya, ai tun ran da inna ta dake ni na gane. Na yafe dukan. Amma dala goma ta kafin a karya darajar sefa ce, kai ne malamin lissafi, ka buga ka kawo mini shago ran Juma'a.”